Batagarawa: Ƙofa Ɗaya, Tukwane da Yawa

Idan ka tambayi yawan mutanen ƙaramar hukumar Batagarawa ta Jihar Katsina, duk ofishin da ka shiga amsa ɗaya za a ba ka: ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 180,000 a ƙasar da faɗinta murabba'in kilomita 430 ne da 'yan kai. Duk abin da ya biyo bayan wannan kintace ne, domin tun daga lokacin ba a sake ƙirga mutanen Najeriya ba. Wadda aka tsayar za a yi a watan Mayun 2023 ɗage ta aka yi. Yaron da aka raɗa wa suna a makon ƙidayar 2006 yau ya kai munzalin aure, yarinyar da aka haifa tare da shi kuwa mai yiwuwa tana ɗakinta, wataƙila ma da goyo. Amma har yanzu waccan lambar ce tushen lissafin azuzuwa da allurar rigakafi, kuma tana cikin ma'aunan da ake raba wa ƙananan hukumomi kuɗin tarayya da su.

Kintacen ba shi da wuyar yi. Jihar Katsina tana da mutum 3,753,133 a ƙidayar 1991, ta koma 5,801,584 a 2006. Ƙarin ya kai kusan kashi 3 cikin 100 a kowace shekara, kuma jama'ar da ke ƙaruwa haka takan ninka kanta cikin shekara 23 zuwa 24. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Katsina mace kan haifi 'ya'ya 7.3 a matsakaici, abin da ya fi na kowace jiha, alhali na ƙasar baki ɗaya 5.3 ne, na Legas kuma 3.4. Ke nan ko ba a ƙirga ba, mutanen garuruwan Batagarawa irin su Ajiwa da Bakiyawa da Barawa da Tsanni da Kayauki sun yi nisa a hanyar ninka abin da aka rubuta musu, ƙasar nomansu kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba.

A nan yawancin masu sharhi kan tsaya, su ce mutane sun yi yawa, shi ke nan. Ni a ganina daga nan maganar ta fara. Mutum dubu ɗari biyu ko uku ba a fili suke tsaye ɗaiɗai ba. A cikin gidaje suke, kuma yadda aka harhaɗa su a cikin gidajen, wato wa ke noma wa wa, wa ke ciyar da wa, rumbun wa ake buɗewa, shi ke raba wanda zai kwana da tuwo da wanda zai kwana da ruwa idan marka ta kankama gero bai nuna ba. Magidanta biyu za su iya samun baki goma-goma, ɗaya yana sayar da hatsi a watan Agusta, ɗaya yana zuwa ƙwadago a gonarsa.

Batagarawa ta yi sa'ar da ƙauyuka kaɗan suka yi, domin an taɓa zama an ƙirga ta ta wannan fuskar. A 1967 wata Baturiyar Ingila masaniyar tattalin arzikin karkara, Polly Hill, wadda ta riga ta yi suna da bincikenta kan manoman koko na Gana, ta zauna a garin watanni. Lokacin Batagarawa gari ne na mutum wajen 1,400, mazaunin hakimi Mallamawa, kimanin kilomita 10 kudu da birnin Katsina. Ba ta tsaya a ƙirga kawuna ba. Ta bi ta gano waɗanda ke noma tare su ci tare, ta samu rukuni 171. Sai ta nemi mutanen gari da suka san kowa su kasa su gwargwadon yadda suke tsallake lokacin yunwa kafin kaka. Rukuni 17 ne ba sa jin yunwar sam, har su ke taimakon wasu da kyauta ko rance. Guda 45 suna riƙe kansu. Guda 68 suna ɗan jigata, 41 kuma suna shan wuya sosai. Na sama suna da kusan eka 20 ta gonar karkara mai shan taki kowannensu a matsakaici, na ƙasa ba su kai eka 3 ba. Littafin da ta rubuta kan wannan ya fito a 1972, ya kuma rushe zaton da masana na waje suka daɗe suna yi cewa manoman ƙauye duk ɗaya suke a talauci.

Abin da ya fi jan hankalina a sakamakon nata shi ne, gidajen da suka fi wadata su ne suka fi yawan mutane, kuma su ne suka fi yawan maza majiya ƙarfi da ke noma tare da uba. Wannan ya kawo mu ga gandu, wanda ba za a fahimci kowane ƙauyen Hausa ba sai an fahimce shi.

Gandu yarjejeniya ce, ko da ba a rubuta ta ba. 'Ya'ya maza, har waɗanda suka yi aure, suna yi wa uba aiki a babbar gona, yawanci daga safe zuwa azahar. Bayan nan lokacinsu ne, kowa ya nufi gayaunarsa, 'yar gonar da uba ya yankar masa, wadda abin da ta bayar nasa ne shi kaɗai, ko ya kama sana'arsa. Shi kuma mai gida akwai abin da ya hau kansa: iri da fartanya da garma, hatsin da za a ci daga babban rumbu, harajin kowane baligi, hidimar suna, sannan babba a cikinsu, auren fari na kowane ɗa. Saurayi yana haƙuri da gandu domin ya san a nan sadakinsa da lefensa suke, kuma wata rana gonar za ta zama tasa da 'yan'uwansa. Uba yana haƙuri da ɗawainiyar domin ya san ranar da gwiwa za ta ƙi, akwai masu riƙe masa fartanya.

To amma yarjejeniya irin wannan sai mai abin hannu ke iya cika ta. Uban da gonarsa eka biyu ce ba shi da aikin da zai cika wa 'ya'ya uku safiya, ba shi da gayaunar da zai yanka musu, ba shi da damin da zai sayar ya yi musu aure. 'Ya'yansa su ne ke fara zamewa, wani ya tafi ƙwadago, wani ya shiga duniya. Saboda haka ba yawan mutane ne ya kawo wa manyan gidajen nan arziki kai tsaye ba, ba kuma arzikin ne kawai ya tara mutanen ba. Abu biyun ciyar da juna suke yi. Gona mai faɗi tana riƙe 'ya'ya, 'ya'yan suna ƙara noma, rarar tana sayen dabbobi, dabbobin suna ba da taki, takin yana ƙara dami, damin yana sayen gonar maƙwabcin da ya matsu. Haka kuma abin ke juyawa ta baya ga wanda ya rasa: ya sayar da hatsinsa da arha da kaka domin biyan bashi, ya sayo shi da tsada da damina, ya bar gonarsa ciyawa na ci yana nome ta wani domin abin da za a ci yau.

Hill ta lura da wani abu kuma: gandun uba da 'ya'ya yana da ƙarfi a Batagarawa, amma gandun wa da ƙane bayan rasuwar uba ba ya yawa, ba ya kuma daɗewa. Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba. Biyayyar da ɗa zai yi wa mahaifi ba lalle ya yi wa ɗan'uwa ba, balle idan 'yan uba ne, kowa da ɗakin da ya fito. Da zarar an share makoki, maganar rabon gado ta taso.

Bari mu yi lissafin rabon nan a fili, domin a cikinsa ne yawan jama'a ke komawa ƙarancin gona. A ɗauka mutum ya rasu ya bar eka 16, da mata biyu, da 'ya'ya maza biyar, mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi. Matan aurensa za su raba tumuni, wato eka 2. Sauran 14 a kasa su kashi 14, namiji ya ɗauki biyu, mace ɗaya. Kowane ɗa namiji ya tashi da eka 2. Mahaifinsu yana cikin masu wadatar gari, su kuma tun ranar rabo sun faɗa sahun da a 1967 ake kira na masu shan wuya, sai dai wanda ya iya saye ya ƙara. A sake ɗaukar ɗaya daga cikinsu, ya rasu ya bar matar aure ɗaya da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya. Bayan tumuni, kowane namiji rabin eka zai samu. Tsakanin kaka mai eka 16 da jika mai rabin eka, zuriya biyu ce kacal. Ba laifin rabon ba ne, domin shari'a ta ba kowa haƙƙinsa, kuma da can ma haka ake yi. Bambancin shi ne a da akwai daji. Wanda rabonsa ya yi kaɗan sai ya je wurin mai gari a nuna masa saura ko sabon wuri ya sare. Yau a kewayen Katsina wannan ƙofar ta rufe.

Wasu abubuwan sun zo sun ƙara sassauta igiyar. Gyaɗa, wadda ita ce ke kawo wa babban rumbu kuɗi, ta durƙushe bayan farin 1973 da cutar da ta cinye ta a 1975. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 1987. Sokewar ta sauke wa talaka nauyi mai yawa, ba mai musun wannan, amma ta kuma cire ɗaya daga cikin abubuwan da ɗa ke dogara da uba dominsu. Sai kuma hanyoyin samun kuɗi da ba su bi ta gona ba suka yawaita: acaɓa, leburanci a wurin gini, faci, sayar da katin waya, dako a kasuwar Katsina. Saurayin da zai iya tara kuɗin aurensa da babur ba shi da dalilin ba wa kowa safiyarsa.

Ga Batagarawa kuma akwai ƙari, shi ne birni da ya taho ya same ta. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a ƙasarta take, kan hanyar Dutsin-ma, kuma unguwanni irin su Ɗandagoro sun riga sun haɗe da Katsina. Gonar da ke bakin titi ta daina zama wurin gero, ta koma fuloti. Magada tara da ke kallon eka biyu-biyu ko ɗaya-ɗaya, idan dillali ya zo ya faɗi abin da za a biya, da wuya a rasa mai cewa a sayar a raba kuɗi. Hill ta ga ƙarshen irin wannan hanyar da idonta, domin bayan Batagarawa ta yi bincike a Ɗorayi ta wajen Kano a farkon shekarun 1970, inda ta tarar da manyan gidaje maƙil da magidanta, gona kuwa ta yi musu kaɗan ƙwarai. Yau Ɗorayi unguwa ce a cikin Kano.

Abin lura, wanda kuma shi ne jigon maganata: gandu ne ya watse, gida bai watse ba. Ka tsaya a ƙofar wani tsohon gida a ɗaya daga cikin garuruwan nan. Zaure ɗaya ne, ƙofa ɗaya, sunan gidan ma na kakan da ya rasu shekaru talatin da suka wuce ne. Ka wuce shigifa, sai ka ga an ja katanga ko zana an fitar da sassa huɗu ko biyar. Kowane sashe da murhunsa, da turken akuyarsa, da 'yar randarsa. Babban rumbun da ke tsakar gida wataƙila ya rushe ba a sake ɗaga shi ba, hatsin kowa yana cikin buhu a ƙuryar ɗakinsa. Rijiya da makewayi da zaure ne kawai suka rage na kowa. Da almuru hayaƙi biyar ke tashi, wani lokaci huɗu, domin akwai sashen da yau ba a ɗora ba, kuma sai wanda ke cikin gidan ne zai sani. Daga waje gidan ya fi na da cika. Daga ciki kuwa kowa tasa ta fishshe shi, sai dai ɗan kwanon da ake miƙa wa tsohuwa da wanda zumunci ya sa a tura wa sashen da aka ji shiru.

Mutum talatin da ke ci daga rumbu ɗaya da mutum talatin da ke ci daga tukwane biyar lamba ɗaya ce a takarda, amma ba rayuwa ɗaya ba ce. A na farko, idan ciwo ya kwantar da magidanci ɗaya da damina, sauran za su nome gonar, iyalinsa kuma za su ci. A na biyu, ciwon mako uku a lokacin noman fari ya isa ya jefa sashe guda cikin bashin shekara. Ba ina cewa gandu aljanna ba ne. An danne ƙanne a cikinsa, an ci gumin matasa, kuma da yawa sun fita ne domin sun gaji da aiki ba tare da sun san abin da aka sayar ba. Amma shi ne inshorar da ƙauye ke da ita, kuma da ya tafi babu abin da ya maye gurbinsa.

Duk wannan ta ɓangaren maza ne. Ta ɓangaren mata lissafin ya fi haka sarƙaƙiya. A Arewa maso Yamma kusan rabin matan aure suna da kishiya, kuma binciken 2018 ya nuna rabin matan yankin sun yi auren fari kafin su cika shekara 16 ko daidai nan. A gidan mai mata biyu ko uku girki kwana bibbiyu yake zagayawa, mai girki ta karɓi awo da kuɗin cefane ta ciyar da kowa. Wannan tukunya ɗaya ce. Amma a ƙarƙashinta kowane ɗaki yana da nasa ɗan tattalin: wannan tana matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli, waccan tana dama fura, ɗayar tana kiwon awaki tana zubin adashi. Kuɗin nan nata ne, miji ba shi da iko da shi, kuma da shi take cike gurbin abin da awo bai kai ba, ta sayi koko da ƙosai wa 'ya'yanta da safe, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Shi ya sa za ka ga yara biyu uba ɗaya, ƙofa ɗaya, ɗaya da ƙiba ɗaya a rame. Bambancin daga ɗakin uwa yake. Hill ta rubuta a kan wannan ciniki na cikin gida da matan kulle ke yi ta hannun yara masu talla, ta nuna cewa kasuwa ce sukutum wadda baƙo ba ya gani.

Sannan mutanen gida ba zaune suke wuri ɗaya ba. Mai cikin fari takan tafi gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan jego kafin ta dawo. Yaron da aka yaye akan kai shi wurin kaka, wani ya dawo, wani ya zauna ke nan. Gwaggon da ba ta samu haihuwa ba akan ba ta riƙo. Aure ya mutu, mace ta koma gidan ubanta ko na wanta ta yi idda, ta yi zawarci watanni, ta sake aure ta tafi da ƙaramin ɗanta ya zama agola a wani gida, manyan kuma su zauna wurin uba a hannun kishiyar uwa. Tsohuwar da mijinta ya rasu tana sashen babban ɗanta, amma tana da 'yar tukunyarta. Yaro ɗan shekara takwas yana Zariya ko Kano wurin malam, a zauren gidan kuma almajiran wani gari ne ke kwana. Idan ka ƙirga gida ɗaya a watan Janairu ka dawo a watan Yuli, da wuya ka samu mutanen nan dai.

Yanzu ka sa malamin ƙidaya a ƙofar wannan gida, da takardarsa mai layi-layi. Namiji ne, saboda haka iyakarsa zaure. Ya gaida dattijon da ya tarar, ya ce, “Baba, mutum nawa ne a gidan nan?” Dattijo ya yi shiru, ya ce, “To, ɗana, da na nan da na tafe?” Tambayar dattijon ita ce daidai, kuma takardar ba ta da wurin amsa ta. Ga kuma kunya. Akwai uban da ba zai ambaci ɗan farinsa ba, akwai matar da ba za ta faɗi sunan mijinta ba, akwai masu ganin ƙirga 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya bai dace ba. Tsofaffi kuma ba su manta zamanin da rubuta sunan baligi ke nufin haraji ba, lokacin da ake ɓoye saurayi a ce bai isa ba. Daga baya da aka gane cewa yawa na jawo kaso, sai matsin ya juya ta ɗaya gefen. Rigimar da ta sa aka soke ƙidayar 1962 da ta 1973 ke nan. Lamba ɗaya tana shan ja daga masu ragewa da masu ƙarawa.

Ko lokacin da aka yi ƙidayar ma yana da tasiri. Ta 1991 a ƙarshen Nuwamba aka yi ta, ana cikin kaka, yawancin mutane suna gida. Ta 2006 kuwa a ƙarshen Maris aka yi, tsakiyar rani, kuma ƙa'idarta ita ce a rubuta mutum a inda aka same shi. A watan Maris ina majiya ƙarfin ƙauyen Katsina suke? Da yawansu suna cin rani a Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal. An yi kira mutane su zauna inda suke, wasu kuma sun koma gida domin a ƙirga su a can, amma ba kowane mai turin baro ne ke da kuɗin motar zuwa da dawowa ba. Wanda aka rubuta a Legas, a takarda ɗan Legas ne, alhali matarsa da 'ya'yansa da gonarsa suna Tsanni, kuɗin da yake turowa kuma shi ke ɗora tukunyarsu. Gidansa a takarda ya zama gidan mace da yara. A watan Yuni kuwa ga shi nan a gona.

Wani zai ce wannan duk ƙwaƙƙwafin masana ne. Ba haka ba ne, domin da ma'aunin gida ake raba abubuwa. Lokacin da aka fara babban rabon gidan sauro a 2009, biyu ake ba kowane gida. Idan mai rabo ya ɗauki ƙofa a matsayin gida, mutum talatin sun tashi da biyu, maƙwabcinsu ango da amarya su ma biyu. Daga baya aka gyara aka koma ɗaya ga mutum biyu. Tallafin naira 5,000 a wata da gwamnatin tarayya ta riƙa bai wa gidaje marasa ƙarfi mace ɗaya ake rubutawa ta karɓa a madadin gida. A gidan mata uku, wace ce? Idan uwargida ce, me ya kai ɗakin amarya, wadda ita ce mai ƙananan yara? Haka takin gwamnati: idan aka ba mai gida buhu biyu da zaton gandu na nan, ƙannensa huɗu da kowa ke noma rabonsa ba su samu komai ba. Binciken 2018 ya ce gidan karkara a Najeriya mutum biyar ne a matsakaici. Gaskiya ne bisa ma'aunin da aka yi amfani da shi, wato masu kwana wuri ɗaya, masu shugaba ɗaya, masu ci tare. Amma wanda ya ɗauki biyar ɗin nan ya shiga Bakiyawa da ita zai yi ta tuntuɓe.

A wannan fannin ma'aikatan rigakafin shan inna sun fi kowa sanin ƙauye, kuma ya kamata a faɗa. Mata ne, suna shiga har ɗaki. Suna tambayar kowace uwa 'ya'yanta, su shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, su rubuta da alli a jikin bango yara nawa aka samu, nawa ba sa nan, su dawo washegari neman wanda ya tafi talla ko unguwa. Rubutun allin nan da ke jikin katangun ƙauyukanmu ya fi takardu da yawa kusa da gaskiya.

A shekarun nan kuma wani sabon abu ya shigo lissafin. Jibiya da Batsari, maƙwabtan Batagarawa ta yamma, suna cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba. Wanda ya gudo daga can ba sansani yake fara nema ba, gidan ɗan'uwa yake nema. Sashen da aka gina domin mutum shida sai ya wayi gari da goma sha biyar, yawancinsu mata da yara, wasu mazansu an kashe, wasu mazan sun tsaya gadin abin da ya rage. Sun baro gonakinsu, saboda haka baki ne suka ƙaru ba hannu ba. Nauyin da a da gandu mai eka 16 zai ɗauka, yanzu magidanci mai eka ɗaya da babur ne ke ɗauke da shi, kuma ba ya cikin rajistar kowa domin shi ba ɗan gudun hijira ba ne.

Saura maganar haihuwa, wadda ake yawan yi da zafi daga kowane ɓangare. Kusan rabin mutanen irin waɗannan garuruwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma wannan na nufin kowane mai aiki yana ɗauke da baki fiye da nasa. Amma kafin a ɗora wa uwa laifi, a dubi wata lambar daga binciken nan na 2018: a Arewa maso Yamma, cikin yara 1,000 da aka haifa, 187 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin biyar ke nan. Matar da ta binne biyu ba za ta ji lissafin masu cewa ta tsaya a huɗu ba. Mutumin da ba shi da fansho, ba shi da inshora, gandun da zai riƙe shi kuma ya watse, 'ya'ya ne kawai abin da yake gani zai jingina da shi, ko da gonar da zai bar musu ba ta kai ta riƙe ɗaya ba. Hankalin da ya yi aiki lokacin da daji ke nan shi ake bi bayan dajin ya ƙare. Inda aka ga haihuwa ta sauka, abubuwa biyu kan riga ta: yara sun daina mutuwa da yawa, 'yan mata kuma sun daɗe a makaranta. Duka biyun aikin asibitin mazaɓa ne da makarantar gari, su kuma ba za a tsara su daidai da lambar 2006 ba.

Ƙaramar hukuma ba sai ta jira Abuja ba kafin ta san mutanenta. Batagarawa mazaɓu goma gare ta, kowace da dagatai da masu unguwanni, kuma babu mai unguwar da bai san gidan da aka raba gado bana ba, da wanda ya sauki baƙi daga Batsari, da wanda mazansa duka suna kudu. Abin da ake bukata a haɗa shi da mace mai shiga gida, a ba su littafi, a riƙa sabunta shi sau biyu a shekara, da kaka da kuma rani. A kowace ƙofa a rubuta tukunya nawa ake ɗorawa, mutum nawa ke ci daga kowace, eka nawa ke ciyar da ita, su wa suka tafi kuma yaushe ake sa ran dawowarsu. A rubuta yara ɗaki-ɗaki, da sunan uwar da ke riƙe da su ko da ba ita ta haife su ba. Aikin da Baturiya ɗaya da 'yan mataimakanta suka yi wa gari guda cikin watanni a 1967 bai fi ƙarfin sakatariyar da ke da ma'aikata ɗaruruwa da wayoyin hannu ba.